Ƙarar da Kika Ji a Ƙofar Gida

Funtuwa,
ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da gwaggonki da mutanen gidanta. Allah ya tsare ki a baƙon wuri, ya sa mutanen Gozaki su ji daɗin hannunki, ya sa duk macen da za ki karɓi haihuwarta ta tashi lafiya da abin da ta haifa. Mu nan lafiya lau muke. Ba labarin gida na zauna ba ki ba, wannan innarki za ta ba ki a waya har kunnenki ya yi zafi.

Shekaranjiya na kira ki na ce kada ki ƙara tayar da motar nan sai na zo. Kika ce to, Baba. Ba ki tambaye ni dalili ba, ni kuma na yi maza na kashe wayar don kada ki tambaya. To ga dalilin a rubuce, tunda bakina ya kasa. Injin motarki yana da ciwo, kuma daga hannuna ciwon ya fito. In kika ci gaba da hawanta, wata rana zai tsaya cak a tsakiyar hanya. Na kuma san aikinki na ungozoma. Ranar da zai tsaya ba ke kaɗai za ki kasance a ciki ba, da mai naƙuda a kujerar baya za ki kasance. Abin da ya hana ni sukuni ke nan tun ranar Asabar.

Kin tuna safiyar. An fito da kayanki, maƙwabta sun taru, 'yan majalisarmu sun zo, liman ya yi addu'a. Ni kuwa sai kumbura nake yi, don kowa a unguwa ya san wata biyu na yi ina haɗa injin nan da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ko noti ɗaya ba. Kika tayar, kika bar shi ya ɗumama yadda na ce. Sai na ga kin karkata kai. Kika ce a hankali, "Baba, kamar ina jin wata ƙara daga ƙasa." Ni kuma na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Allura aka koya miki ko inji? Sabon aiki ne, haka yake yi. Ja ki tafi." Aka yi dariya. Kika sunkuyar da kai kika ja.

Ummi, na ji ƙarar nan. Kafin ki buɗe baki na ji ta. Girman kai ne kawai ya rufe ni, don ba na son a ce a gaban mutane 'yar cikina ta kama Lawal bakanike da kuskure. Na tsaya ina ɗaga miki hannu, har kika sha kwanar masallaci. Da Allah bai kai ki lafiya ba, ban san inda zan sa kaina ba.

Ba yau na fara ba, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Bari in ba ki su ɗaya bayan ɗaya, ko kya tsinci abin da ni ban tsinta da wuri ba.

Kafin in zauna gareji direba ne ni. Ina jan wata tsohuwar motar kaya, ina ɗauko masara da dawa daga kasuwar Dandume. Wata rana injin ya fara wata 'yar ƙara daga sama, kas-kas-kas, kamar keken ɗinki. Ka tsaya ka duba mana, a'a, ni ina sauri in yi sawu biyu kafin kasuwa ta watse. Sai na ƙara muryar rediyo. Wallahi abin da na yi ke nan. Duk sanda ƙarar ta ƙaru sai in ƙara rediyo, har fasinjojin da ke gaba suka fara toshe kunne. Kasuwa uku na yi a haka. A ta huɗu injin ya ƙame da kaya niƙi-niƙi a bayana, ga hadari ya haɗo, ba ni da tamfol mai kirki. Masarar mutane ta sha ruwa. Da aka duba, baƙin mai ne ya yi ƙasa tun farko. Da na zaro sandar awon mai na duba a ranar farko, da galan ɗaya ya raba gardama.

Saboda haka in kin tayar da mota da safe, kada ki kunna komai. Ki sauke gilashi, ki ba ta minti biyu ki ji gaisuwarta. Wanda ya san muryar motarsa tana lafiya, shi ke gane ranar da ta canza. In kin ji baƙuwar ƙara, abu na farko ki zaro sandar mai. Na biyu ki gane ko ƙarar ta inji ce ko ta ƙafa. Ki tsaya wuri ɗaya ki taka totur kaɗan. In ƙarar ta bi totur, ta tashi in kin taka ta sauka in kin saki, a inji take. In kuwa sai mota tana tafiya take fitowa, to ki nemi abin a taya ko a ƙarƙashi. Wannan ko bakanike ba kya buƙata.

Kuskure na biyu, har yau in Garba yana son ya ƙular da ni shi yake tayarwa. Garba kin san shi, mai garejin da ke jikin nawa. Lokacin na yi suna, ana cewa Lawal kunne gare shi, daga bakin titi yake gane ciwon mota. Kai ya fara yi mini girma. Wani malamin makaranta ya kawo motarsa daga Malumfashi, tana wata ƙara caka-caka in an taka totur. Bawan Allah ya fara yi mini bayani, yana cewa hutun nan duk a ƙauye motar ta yi shi, a jikin rumbun babansa take kwana. Na katse shi, na ce malam, ni ba tarihi na tambaye ka ba. Na sa kunne sau ɗaya, na yanke hukunci cewa ciwon a ciki yake. Kwana huɗu na yi na wargaza injin mutum kaca-kaca, ban ga komai ba. Na mayar, na tayar, ƙara tana nan daram. Garba ya leƙo yana cin gyaɗa, ya ɓalle murfin tukunyar iska da yatsa biyu. Sai ga ƙwayar masara cike da wurin. Ɓera ne ya mai da motar malam rumbunsa. Garba ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni ban yi ba, don malamin kwana huɗu yana hawa babur ɗin haya zuwa makaranta, kuma injin da na buɗe bai ƙara komawa yadda yake ba.

Mai mota ya fi bakanike sanin motarsa, ko da bai san sunan ƙarfe ɗaya a cikinta ba. Duk bakaniken da bai tambaye ki yaushe ƙarar ta fara, da sanyi take yi ko sai inji ya yi zafi, da inda motar ta kwana ba, ki ɗauki makullinki ki yi gaba. Kuma a fara daga waje. Ƙara mai tsiwa kamar kukan tsako, yawanci fanbel ne, wato igiyar da ke juya fanka, ya saki. Mai kwaram-kwaram kamar gwangwani, ki duba salansa ko wani murfi da ya kwance. Mu in muna neman inda ƙara take, doguwar sukudireba muke ɗauka, mu ɗora bakinta a jikin inji, mu sa ƙotar a kunne, mu yi ta matsawa har mu zo inda ta fi ƙarfi. Ke da aka koya miki sauraron bugun zuciyar jariri a cikin uwarsa, wannan ba zai ba ki wuya ba. Ki dai ɗaure mayafinki tamau, kada fanka ta kama shi.

Amma akwai ƙara ɗaya da ba a yi mata sai an jima. Tana fitowa daga can ƙasan inji, mai nauyi, dum-dum-dum, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Da sanyi takan ɓoye, sai inji ya ɗumama mai ya tsinke take bayyana. In kin zaro sandar mai a rana, wani lokaci za ki ga yana ƙyalli, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Wannan in kin ji ta, ki kashe mota a inda kike. Ita kika ji ranar Asabar. Ita kuma na taɓa ji sau ɗaya na yi shiru, abin da kafin jiya ban taɓa faɗa wa kowa ba, har innarki.

Kin san al'adarmu a nan. In kaka ta yi kyau, manomi ya sayar da amfani yana son mota, ba ya zuwa shi kaɗai. Sai ya ɗauki bakaniken da ya yarda da shi, ya je ya saurara masa inji. Abin da bakanike ya ce shi ke nan. Lokacin kina rarrafe, wani abokina manomi daga Mahuta, Malam Iro, ya zo ya same ni. Tare muka yi makarantar allo, duk kaka sai ya aiko mini da buhu. Ya ce ya ga wata a-kori-kura yana so, in zo in ji masa. Muka tafi. Sai da muka isa ƙofar gidan na gane motar kakanki ce, Alhaji Mamman, mahaifin innarki.

Kin san yadda mutum yake a gaban surukinsa. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa na yi gaisuwa, ban ɗaga ido ba. Alhaji yana zaune a kan buzu, ya ce madalla, ai ga ɗan gida ma, shi ya san motar. Aka tayar. Na buɗe bonet, na zaro sanda, na ga man da aka zuba mai kauri ne kamar zuma, irin wanda ake zubawa don a rufe bakin inji. Ko Alhaji ya sani, ko direbansa ne ya yi, ban tambaya ba, Allah ya ji ƙansa. Na bar injin ya yi zafi. Sai ga ta nan a ƙasa, a hankali, dum-dum-dum. Na daɗe kaina yana cikin bonet, ba don ina neman wani abu ba, ina neman yadda zan ce wa surukina a ƙofar gidansa, a gaban jama'arsa, motarsa ruɓaɓɓiya ce. Ban samu ba. Na ɗago na ce, "Lafiyarta ƙalau."

Na ce wa kaina zan ja Iro gefe daga baya in faɗa masa. Daga baya sai na ga an riga an tafa, an yi addu'a, in na yi magana yanzu na kunyata mutum biyu. Na ce to in ya kawo ta juyen mai sai in gyara masa a ɓoye. Bai kawo ba, don ai na ce masa lafiyarta ƙalau.

Da damina ta faɗi, matarsa Talatu ta tashi da naƙuda mai gardama. Da hantsi ya sa ta a gaban motar ya nufo asibitin Funtuwa. Ba su yi rabin hanya ba injin ya buga. Lokacin ba waya a hannun kowa, hanya kuma ta caɓe, motoci ba sa bi. Sai bayan azahar suka samu wanda ya ɗauke su. Talatu ta rayu da ƙyar. Ɗan bai zo da rai ba, namiji ne, shi ne na farko bayan mata huɗu.

Na je gaisuwa. Iro ya karɓe ni, ya ba ni ruwa, ya ce haka Allah ya so. Bai tayar mini da maganar motar ba. Bai kuma ƙara kawo mini mota ba. In mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure mukan gaisa, ya tambayi iyali, shi ke nan. Na san rai da ajali na Allah ne, malamai sun faɗa mini, ni ma na faɗa wa kaina sau ba adadi. Amma ni aka kai don kunnena, kunnen kuma ya yi aikinsa. Bakina ne ya ci amana. Ranar da kika ce ungozoma kike son zama, kowa ya yi murna, ni na fita waje na zauna a kan benci ni kaɗai.

Ga shawarata a nan, ita ce mafi nauyi. Kunya abu ne mai kyau, da ita muka raine ki, ban kuma yi da-na-sani ba. Amma a wurin aiki, inda ran wani yake hannunki, ki ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalminki. Za ki haɗu da manya a can, likita ne, mai gari ne, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin garin ce. In kin ji abin da bai yi miki ba a cikin mace, ki durƙusa in durƙuson ne, ki sassauta murya, amma ki faɗa. A lokacin za ki faɗa, ba sai an watse ba.

Saura na ƙarshe, wanda ya shafi motarki. Tun rashin lafiyar da na yi bara, hannuna na dama bai dawo daidai ba. Na ɓoye muku. Shekara talatin ina ɗaure notin inji da jin hannu, in na ji ya kai, to ya kai. Akwai wasu siraran ƙarafa a can ƙasan inji da muke kira metal, su ke rungume da sandar da ke juyawa, notinsu kuma ba ya son ragi ba ya son ƙari. Garba yana da sifana mai awo, wadda ke yin ƙas in ɗauri ya cika. Da ya ga ina haɗa injinki ya kawo mini ita har wurina. Na ce ya kai wa masu koyo, ni hannuna ne awo.

Ranar Lahadi na kasa zama a gida. Na je gareji, na samu wani tsohon inji, na ɗaure noti ɗaya iya ƙarfina, har na ji a raina ya kai. Sannan na aro sifanar Garba na ɗora. Ummi, sai da ta ƙara juya shi sosai kafin ta yi ƙas. Na gwada na biyu, haka. Na uku, haka. Na zauna a kan taya ina kallon hannuna. Garba ya gani, wannan karon bai yi dariya ba, ya koma wurinsa kamar bai gani ba. Ashe duk notin da ke ƙasan motarki a sake yake. In Allah ya taimake mu metal ɗin kawai ya ci, a canza. In ya ƙarci sandar, sai an sauke injin an kai Zariya. Ko wanne ne, ba hannuna zai ɗaure ba.

Ranar da jikinki ya fara rage miki wani abu, ido ne ko hannu, ki riga kowa faɗa. Ni na tsaya kare sunana, na kusa biya da ke.

Ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zo da Garba da kayan aiki. Kafin nan na yi magana da mijin gwaggonki, ya samo mai mota a nan kusa da ku wanda zai tsaya miki in an samu ta gaggawa. Na san halinki. Za a kawo miki mace a galabaice, ki dubi motarki a ƙofar gida ki ce ai asibitin Malumfashi ba nisa, sau ɗaya ba zai yi komai ba. Na haɗa ki da Allah kada ki yi. Ki ba gwaggonki makullin ta ƙulle a bakin zanenta. 'Yan majalisa kuma da suka yi miki dariya, na same su bayan la'asar ranar Litinin, na faɗa musu yarinyar nan ita ke da gaskiya, ni na yi ƙarya. 

Jiya na hau babur na tafi Mahuta. Shekara ashirin da 'yan kai ina shirin tafiyar nan. Na samu Malam Iro a gona, ya tsufa, gemu fari fat, yana duba masara. Muka zauna a gindin wata ɗorawa. Na faɗa masa komai, man nan mai kauri, da ƙarar, da abin da na ce. Ina magana yana tsinke ciyawa da yatsa. Da na gama sai ya ce, "Lawal, ai na sani. Ni ma na ji wani abu a ranar, na kuma ga fuskarka da ka ɗago daga bonet."

Na ce to don me ka saya?

Ya ce, "Kai ka ce lafiyarta ƙalau. Sai na ce kunnena ne ke ƙarya."

Ya ce ya yafe tun tuni. Ya raka ni har bakin hanya, ya ɗaura mini ɗanyar masara a bayan babur ya ce a kai wa yara. Ni kuwa duk hanya ba shi nake gani ba, ke nake gani. Ke ma da kunnenki kika ji. Kin san kin ji. Amma da na ce ja ki tafi, sai kika ƙaryata kunnenki kika gaskata ni, kika hau titi daga Funtuwa har Gozaki a kan noti sakakku, don kawai ni ne ubanki. Wannan biyayyar ni na koya miki ita, ita ce kuma ta kusa kashe mini ke. Kada ki ƙara yi wa kowa irinta, ko ni ne.

Ki yafe mini, Ummi.

Allah ya kiyaye ki a hanya da masauki, ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sa albarka a kunnenki da hannunki. Allah ya sauki matan da ke jiranki lafiya. Ki gaishe da gwaggonki da maigidanta. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Lawal.